Ina zan kai motar marigayi Baba? Neman fanalbita mai amana

Abban Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo. Waɗanda muka haɗu a zaman bayan sallah sun san motar: Mercedes SL 500 ƙirar 1994, ruwan azurfa, mai buɗaɗɗen sama. Ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Ta Kwatano ya shigo da ita ina aji uku a sakandare, kuma da aka zo rabon gado ni na ce a yi mata kuɗi a cire a kasona. Har yau carbinsa na nan a aljihun ƙofa inda ya bar shi. Ranar Juma'a kawai nake fita da ita.

Juma'ar da ta wuce muna dawowa daga masallaci, wani yaro a motar gidansu ya shigo shataletale bai duba ba, ya same ni gaba ta dama. Alhamdulillahi ba wanda ya ji ciwo. Fenda ta lotse, fitila ta fashe, bamba ta tsage, bakin bonet ya ɗan ɗaga. Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar dama yanzu tana gogar fenda in an buɗe ta, sitiyari kuma kamar ya ɗan karkace.

Shekara huɗu da suka wuce na taɓa kai ta wani gareji saboda ɗan lotsawa a baya. Sati biyu aka ce mini, ta yi wata uku. Ranar da na karɓo ta sai ƙyalli take, na yi ta godiya. Damina ɗaya ta wuce wurin ya kumbura ya tsage, na sa farce na ɓantaro fila, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi, mai kaurin yatsa, ƙarƙashinsa tsatsa. Ashe ba su bugo ƙarfen ba sam, cikewa suka yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ta yaya zan gane na kirki kafin in miƙa makulli? Ina Kano amma ko Kaduna ko Abuja ne zan kai ta.

Maman Ihsan:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, Allah ya jiƙan Baba. Yaya, kafin komai, ka ɗauki hoton motar ciki da waje, har da cikin bonet da but da ƙarƙashinta. Ni mota na kai fenti, na dawo na tarar an canja mini batir, ba ni da hujja sai na yi shiru.

Injiniya Kaduna:
Amin. Alhaji, gogar ƙofar nan da karkacewar sitiyari su ne maganar, fenda da fitila duk mai sauƙi ne. Wataƙila fendar ce kawai ta matsa baya ta danne bakin ƙofa, wataƙila kuma bugun ya kai ga ƙarfen casis na gaba, wato ƙashin jikin motar. Ba a gane wannan da ido, sai da awo. A cire bamba da fenda, a nemi ramuka ko notuna da suke daidai da juna hagu da dama, a auna su a gicciye: daga gaba dama zuwa baya hagu, sannan daga gaba hagu zuwa baya dama. In jiki a miƙe yake, awon biyu zai zo ɗaya. A sana'ar ana ɗaukar milimita 3 a matsayin iyakar bambancin da za a bari.

To ga jarrabawarka ta farko. Duk garejin da ka je, ka yi shiru ka ga abin da zai fara ɗaukowa. Wanda ya zagaya motar sau ɗaya ya yanka maka kuɗi, yi masa sallama. Wanda ya ce ba zai faɗi kuɗi ba sai ya kwance ya auna, zauna ku yi magana.

Kuma motarka tana da wani ma'auni da sauran motoci ba su da shi. Ina fatan rufinta na ƙarfe, wanda ake ɗorawa a cire, yana nan? Mota marar rufi, duk ƙarfin jikinta yana ƙasa ne, a daɓe da gefen ƙofofi, shi ya sa murɗewa kaɗan take nunawa. Ku samu wuri mai shimfiɗaɗɗen siminti, mutum biyu su ɗora rufin. In ya zauna ya kulle gaba da baya ba tare da an danna ba, tsakiyar motar lafiya take.

Abban Safiyya:
Yana nan Injiniya, a ɗaki yake lulluɓe da bargo. Gobe da safe za mu gwada ni da ƙanena.

Ɗan Apo:
Yallaɓai ni dai shawarata ɗaya ce, ɗora ta a janwe ka kawo ta Abuja. Irin wannan mota ba ta ƙarƙashin bishiya ba ce. A nan akwai wuraren da suke da oban na gasa fenti da teburin miƙe casis da injin haɗa kala. Na ga yadda ake miƙe mota a wasu garejojin namu: a ɗaura sarƙa a jikin dalbejiya, a ɗaura ɗaya bakin a mota, a sa giyar baya a fizga. Haka za a yi wa motar Baba? Araha ba ta ado. Mercedes da kansu a kan tebur irin na kamfanin Celette na Faransa suke ɗaure mota, kowane rami da mazauninsa.

Baba Mai Guduma:
Ɗana Ɗan Apo, na ji maganarka, kuma sarƙa da bishiya ba ƙarya ka yi ba, ana yi. Amma bari in faɗa maka abin da shekara talatin da wani abu a wannan sana'a suka nuna mini. Oban ba ya bugun ƙarfe. Na sha karɓar mota daga manyan wurare masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, in sa samfefa in tarar da fila kamar an yi yaɓe. Dalili kuwa, a can lokaci kuɗi ne, bugun ƙarfe kuma yana cin lokaci. Fenda ɗaya in za a bugo ta yadda ya kamata, guduma a waje, dungun ƙarfe na tarewa a ciki, kana bi kana shafawa da tafin hannu, tana iya cin yini biyu. Cikewa da fila awa ɗaya ne. Duk wanda motoci ashirin ke jiransa a layi, ka san wanne zai zaɓa.

Fila ba haram ba ne, kowa yana sa shi. Amma aikinsa ya share 'yan tabon guduma, siriri, in ka goge ka riƙa hango ƙarfe ta cikinsa nan da can. Da zarar ya wuce milimita biyu ko uku, ranarmu ta arewa za ta tona shi, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi yana komawa da sanyi, shi kuwa fila mai kauri ba ya bin sa.

Abban Safiyya, ga abin da zan ce ka yi. Kada ka tambayi mutum motar da ya gama jiya, kowace mota kyakkyawa ce ranar da ta fito daga fenti. Ka ce ya haɗa ka da mai motar da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, wadda ta sha damina biyu da hunturu biyu. Ka je da ɗan maganaɗisu mara ƙarfi, irin wanda ake liƙawa a firiji, ka naɗe shi a ƙyalle don kada ya karce. Bi wurin da aka gyara. Inda ya kama, ƙarfe na kusa. Inda ya zame ya faɗi, fila ne. Mai aikin kirki da murna zai ba ka lambar mutanensa.

Injiniya Kaduna:
Baba Mai Guduma ya yi gaskiya. Ƙari kaɗan: kada a gwada maganaɗisun a rufin ƙarfen nan, na alminiyum ne, ba zai kama ba ko babu fila. Akwai kuma 'yar na'urar auna kaurin fenti, ba ta da tsada sosai yanzu. Fentin kamfani yawanci tsakanin maikiron 100 ne zuwa 180. In ka ga ta haura 1,000, wato milimita ɗaya, ba sai an faɗa maka fila ne ba.

Ɗan Apo:
Baba, ban musa maka ba a kan ƙarfe, kai ne babba. Amma fenti fa? Kalar azurfa ce, mai ƙyalƙyali a ciki. Ga hunturu ya kusa. A fili za a fesa kiliya, wato shafen ƙarshe marar kala mai sa sheƙi, ƙura na sauka a kai?

Baba Mai Guduma:
A nan kam kai ne da gaskiya, ɗana. Ni ba na feshi, kuma ba zan ce a fesa wannan motar a fili ba ko da asuba ne an yayyafa ruwa a ƙasa. Azurfa ita ce mafi wuyar kala.

Sani Mai Feshi:
Tunda an zo fagena bari in sa baki. Azurfa tana da ƙananan ɓarɓashin alminiyum a cikinta, yadda suka kwanta shi ke sa kala ta yi haske ko duhu. Gwangwani ɗaya, mutum biyu su fesa, ka ga kala biyu, saboda nisan hannu da ƙarfin iska da yawan tina. Shi ya sa ba a fesa fenda ita kaɗai a tsaya a bakin ƙofa. Ana shigar da kalar cikin ƙofa da bonet tana raguwa har ta ɓace, sannan a rufe ƙofar gaba ɗaya da kiliya. In mai fenti ya ce maka zai taɓa ƙofa, ba cutarka zai yi ba, wanda ya ce fenda kawai shi za ka ji tsoro.

Lambar kalar tana kan wani ɗan faranti a ƙarfen da ke saman lagireto. In azurfar da aka fi sani ce za ka ga 744. Alhaji ka ɗauki hotonsa yau, domin daidai wurin da aka buge ne, in aka canja ƙarfen nan yara za su jefar da shi da farantin. Amma lamba kaɗai ba ta isa ba, fentin shekara talatin ya sha rana. A haɗa, a fesa a ɗan gwangwani, a busar, a sa kiliya, a kara a jikin ƙofa da rana tsaka, a duba ta gaba a duba ta gefe. Sai ka ce ka yarda kafin a taɓa mota.

Abu ɗaya kuma da nake roƙo. Motocin SL na farkon nan, kafin gyaran fuskar da aka yi musu a 1995, robar da ke ƙasan ƙofofi da bamba kalarsu daban take da ta jiki, toka-toka marar ƙyalli. Kada wani ya ce zai yi maka gwaninta ya shafe su kala ɗaya. Haka Baba ya saye ta, haka za ta koma.

Abban Safiyya:
Wallahi haka take, Malam Sani, ƙasan ya fi duhu. Na je na duba farantin yanzu da fitilar waya, 744 ne. Ya ɗan lanƙwashe amma yana karantuwa.

Akwai wata matsalar da ban faɗa ba. Mahaifin yaron ya zo gida har sau biyu, dattijo ne mai mutunci, unguwarmu ɗaya. Ya ce a kai wa mai gyaransu, shi zai biya komai. Na rasa yadda zan ce masa a'a.

Maman Ihsan:
Yaya, kunyar nan ita za ta sa ka sake shekara huɗu kana cizon yatsa. Mai gyaran da wani zai biya, wanda zai biya shi yake yi wa aiki, zai nemi ya sauƙaƙa masa ne. Ka je da wani babba cikin danginku, a ce masa motar marigayi ce, akwai wanda iyali suka yarda da shi, in ya so ya ba da abin da ya sauƙaƙa. Dattijo zai gane.

Lauya Bello:
Hajiya ta faɗi daidai. Sannan a duba inshorar motarsu, wataƙila nauyin ma ba a kansa zai faɗa ba. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna naira 15,000 ga motar gida, tana kuma biya har naira miliyan 3 na dukiyar da aka lalata. Ana duba lambar mota a NIID, rumbun bayanan inshora na intanet, a ga ko takardar ta gaske ce. In ta gaske ce, a sanar da kamfanin da wuri, a haɗa rahoton 'yan sanda da hotuna da ƙiyasin gyara, kuma kada a fara aiki sai sun turo an gani.

Shi kuma gareji, ko wane ne, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin yarda ba ne. A rubuta aikin da za a yi, kayan da za a canja, ranar gamawa, da cewa duk abin da aka cire za a dawo maka da shi. Shugaban garejin ko na ƙungiyarsu ta NATA ya sa hannu a matsayin shaida. Kuɗi kashi uku: kafin alƙalami, sai bayan ka ga ƙarfe tsirara an gama bugu kafin a sa fila, sai ranar karɓa. Na tsakiyar nan shi ne ginshiƙin.

Baba Mai Guduma:
Lauya, na tsakiyar nan na karɓa hannu bibbiyu, ni da kaina nake kiran mai mota ya zo ya gani kafin in rufe. Amma ku ma masu motoci ku ji naku. Mutum zai kawo aikin wata guda ya ce sati yake so, kullum waya, kullum aike. Ya taya rabin kuɗi, ya sayo fila da hadna, wato sinadarin da ke sandarar da shi, mafi araha da kansa, in ya tsage ya ce fanalbita macuci ne. Kuma motocin da kuke gani sun shekara a gareji, da yawa ba mu muka riƙe su ba, mai ita ne ya ba da kafin alƙalami ya ɓace. Wake ɗaya ke ɓata gari, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Hamisu Jamus:
Gaisuwa daga Bremen, garin da aka ƙera ta. Yayana, wannan ita ce samfurin da kamfanin ke kira R129, an fara nuna ta a Geneva a 1989, aka yi ta har 2001, sama da 200,000 aka ƙera, don haka kayanta ba su ɓace ba. A kan gindin V-boot aka gina ta, an ɗan gajarta shi, shi ya sa wanda ya ƙware a V-boot ba zai yi baƙunta a ƙarƙashinta ba. Amma kayan jiki nata ne ita kaɗai, lambarsu da 129 take farawa. Kada a yanka fendar wata mota a ce za a daidaita.

In za ka nema a kasuwannin kayan mota na Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, ka lura da abu biyu. Bambar kafin 1995 daban take da ta bayanta. Fitila kuma kada a ba ka wadda aka ciro daga motar Ingila. Su a hagu suke tuƙi, haskenta zai karkata cikin idon mai tahowa, mu kuwa tun 1972 muka koma dama. Turo mini lambar casis mai harafi 17 ta akwatin sirri, zan duba fitilar a wurin masu tsofaffin kaya a nan.

Sai gargaɗi ga duk wanda zai yi aikin. Wayoyin injin Mercedes na wajen 1992 zuwa 1996 rigarsu tana rududdugewa da tsufa. In ba a taɓa canja naka ba, yaro ya finciko su don ya cire fitila, sai ka ga mota ta ƙi tashi ko ta haɗa wuta. A bi su a hankali kamar ƙwai.

Injiniya Kaduna:
Tunda an zo wuta: batirinta a but yake, a cire shi kafin a kunna walda ko wace iri. Tana da jakar iska, tana da ƙarfen kariya a bayan kujeru wanda ke tashi cikin kashi uku bisa goma na daƙiƙa in ta ji za ta kife. Ba abin wasa ba ne mutum yana sunkuye a wurin. Kuma ban so a sa mata wutar kabaid. Harshen wuta yana gasa faffaɗan wuri, ya murɗe ƙarfe, ya ƙone maganin tsatsar da ke ta ciki inda ba wanda zai sake shafawa. Ina kyautata zaton abin da ya ci bayanta kenan a wancan karon. In walda ta zama dole, a nemi mai MIG, wato waldar lantarki ta waya da iskar gas, a kuma shafe bayan wurin.

Ɗan Apo:
To ni abin da ban yarda da shi ba shi ne raba aiki gida biyu, ƙarfe nan fenti can. In ya kumbura, mai fenti ya ce fila ne, mai fila ya ce fenti ne, kai kana tsakiya.

Sani Mai Feshi:
Yana faruwa. Maganinsa mai fentin ya zo da ƙafarsa ranar da ake duba ƙarfe, ya shafa ya ce ya karɓa. Daga nan fila da firaima da komai a hannunsa suke, laifi ya zama na mutum ɗaya. Ni haka nake yi da masu bugun da nake aiki da su.

Ɗan Apo:
In haka ne ba ni da ja. Amma dai a oban.

Abban Safiyya:
'Yan uwa, ga inda aka kwana bayan kwana tara. Rufin ya zauna ya kulle lafiya lau, na yi hamdala. Kawunmu ya raka ni wurin dattijon, ya fahimta, har ya yi wa Baba addu'a. Inshorarsu ta gaske ce, Lauya, an turo mutum ya gani ranar Talata.

Gareji huɗu na zaga. Biyu sun yanka kuɗi tun ban kashe mota ba. Na uku wuri ne mai kyau amma da na nemi tsohon aiki sai aka ce ba sa ba da lambar kwastoma, na ce su kira shi da kansu, aka ce in dawo. Na huɗu wani dattijo ne, ya ce a kamfanin Fijo na Kaduna ya koyi aiki yana saurayi. Bai ce mini komai ba sai da ya buɗe ƙofar ya rufe sau uku yana saurare, ya kwanta a kwali ya leƙa ƙasa, ya aiki yaro ya ɗauko tef. Awon gicciye ya zo da bambancin milimita 2, ya ce casis bai motsu ba, fenda ce ta koma baya, sitiyarin kuma sandar da ke juya taya ce ta lanƙwashe, aikin makanike ne ba nasa ba. Ya haɗa ni da wani mai V-boot da ya yi wa ƙofa shekara uku da suka wuce. Na je har shagonsa da maganaɗisun firijinmu a naɗe a hankici, tun daga sama har ƙasa bai faɗi ba.

Mun rubuta takarda, shugaban garejin ya sa hannu. Sati biyar ya ce, na ce ya ɗauki shida. Mai fentin da zai karɓa yana da oban, zai zo ranar duba ƙarfe. Na cire farantin kalar da hannuna na ajiye tare da carbin Baba.

Hamisu, na tura maka lambar casis. Baba Mai Guduma, in Allah ya kai mu ranar da zai kira ni ganin ƙarfen, ina roƙon ka raka ni, zan zo in ɗauke ka.

Baba Mai Guduma:
In sha Allahu, ɗana. Ka sa ta zama da safe, hasken safiya ya fi nuna lotsawa.